Daga paroxetine zuwa sertraline: kundin sauya wa mai ciwon fargaba magani saboda ƙiba

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Mu uku ne a kan wannan aiki: likita, nas, da mai harhaɗa magunguna. Mara lafiyar mace ce mai shekara 34, ta yarda a rubuta yadda aikin ke tafiya muddin ba a ambaci abin da zai nuna ko wace ce ba.

Wata 16 da suka wuce aka gano tana da ciwon fargaba mai tsanani: zullumi ba dare ba rana, faɗuwar gaba, wuya da kafaɗu a ɗaure, barci ya ƙaurace mata. Aka sa ta a kan paroxetine miligiram 20, bayan wata biyu aka ƙara zuwa 30, wato ƙwaya ɗaya da rabi kowace safiya. Wata tara da suka wuce aka haɗa mata da amitriptyline miligiram 25 da dare don ta samu barci. Maganin ya yi aiki, babu musu. A takardar tambayoyi bakwai ta GAD-7, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 21, ta fara da 17, yau kuma 5 ta samu.

Sikeli ne ya kawo ta. Ranar da ta fara magani kilo 63 ce, yau 74.5. Ƙarin kilo 11.5 ke nan, sama da kashi 18 cikin 100 na nauyinta na farko, alhali da zarar ƙari ya kai kashi 7 ana ɗaukarsa abin dubawa. Tsawonta mita 1.62, saboda haka awon BMI ɗinta, wato awon nauyi gwargwadon tsawo, ya tashi daga 24.0 zuwa 28.4. Ƙugunta santimita 93, ga mace kuwa haɗarin ciwon suga da hawan jini yana ƙaruwa sosai daga 88 zuwa sama.

Ta ce wa nas: "Sista, ko na ci tuwo na ƙoshi, kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai na tashi na nemi burodi da shayi. Kayana na bara ko ɗaya ba ya shiga ta." Sau biyu ta daina shan paroxetine da kanta, kowane karo jiri ya kayar da ita a kwana na uku, ta koma. Wannan shi ya fi tayar mana da hankali. Wanda aka ce masa ya yi haƙuri da ƙiba tunda hankalinsa ya kwanta, yawanci ba ya musu da likita, sai dai ya je gida ya ajiye maganin a ɓoye.

Kafin mu ɗora wa magani laifi, mun bi sauran hanyoyin da ƙiba ke shigowa. Mun tambaye ta allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ta ce ba ta yi. Mun tambaye ta ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, irin su cyproheptadine da dexamethasone, da kuma prednisolone da wasu ke sha don asma ko ƙaiƙayi. Babu ko ɗaya. Mun tura ta gwajin ciki, gwajin suga kafin karin kumallo, da gwajin tayirod, halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, domin idan aikinta ya yi rauni jiki kan yi nauyi.

Ƙa'idar awo daga yau: sikeli ɗaya, da safe, bayan fitsari, ba takalmi ba mayafi mai nauyi, duk mako biyu. Hawa sikeli kullum ba ya yi wa mai fargaba alheri.

Litinin, 20 ga Janairu

Sakamako ya fito. Ba ciki. Tayirod lafiya lau. Suga 5.9, ya wuce 5.6 inda ake fara sa ido, bai kai 7.0 na ciwon suga ba. Ƙibar ta fara taɓa jini ke nan, maganar ta wuce ta ɗinki.

Magungunan biyu duka suna da hannu. Amitriptyline yana toshe wurin aikin sinadarin histamin a ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo barci da buɗewar ciki lokaci guda. Yana kuma busar da baki, ita kuma tana jiƙa bakin da lemon kwalba biyu zuwa uku a rana. Paroxetine shi ya fi sauran danginsa sa ƙiba. A wani gwaji da aka buga a shekarar 2000, kusan ɗaya cikin huɗu na masu shansa sun ƙara kashi 7 na nauyinsu ko fiye cikin wata shida zuwa bakwai, masu shan sertraline kuwa kusan ɗaya cikin 25. Akwai abu na uku da ake yawan mantawa. Paroxetine yana danne sinadarin hanta mai suna CYP2D6, wanda shi ke narka amitriptyline, don haka miligiram 25 ɗin da take sha yana taruwa a jininta fiye da yadda lambar ke nunawa. Wani ɓangare na ƙarin, kilo biyu ko uku, na samun sauƙi ne kawai, don lokacin da fargaba ta yi mata yawa abinci ba ya shiga.

Mun daɗe a kan zaɓen madadin. Escitalopram yana da kyau ga fargaba, amma binciken da mujallar Annals of Internal Medicine ta buga a 2024, kan mutane sama da 183,000 a Amurka, ya nuna masu shansa sun ɗan fi masu shan sertraline ƙara nauyi a wata shida, kusan daidai da paroxetine. Yana kuma iya tsawaita tazarar bugun zuciya, ga shi wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro suna yin haka, a wurin da mutum zai sha su sau da yawa a damina. Fluoxetine ba ya cika sa ƙiba, sai dai makonnin farko yakan sa jiki ya ƙi zama wuri ɗaya, abin da mai fargaba ke tsoro ke nan. Bupropion yana rage nauyi amma ba maganin fargaba ba ne. Mirtazapine da pregabalin ba su shiga lissafi ba, don su ma suna sa ƙiba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Sertraline muka zaɓa. Shi ma yana iya ƙara nauyi kaɗan idan an daɗe ana sha, mun gaya mata haka ƙarara. Ƙarin dalili: tana son ƙarin haihuwa nan da shekara ɗaya ko biyu, paroxetine kuwa ana guje masa a farkon ciki saboda alaƙarsa da tawayar zuciyar jariri.

Tsarin shi ne a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, don idan wani abu ya ɓaci mu san daga ina ya fito. Amitriptyline zai fara fita. Daga daren yau rabin ƙwaya, miligiram 12.5, har mako biyu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Nauyi 74.8. Ta ga lambar ranta ya ɓaci. Mun nuna mata cewa giram 300 bai wuce kofin ruwa ɗaya ba.

Dare huɗu na farko barcinta ya yi ta yankewa, ta yi gumi da ɗan tashin zuciya. Haka jiki ke yi idan aka sassauta maganin da ya daɗe yana busar da shi. Daga dare na biyar ya lafa. Yau aka tsayar da amitriptyline gaba ɗaya. Ba mu ba ta diazepam ko wani maganin barci a madadinsa ba. An ce kada ta sha shayi ko ta ci goro bayan la'asar, ta ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, ta riƙa tashi lokaci ɗaya kullum ko daren ya yi daɗi ko bai yi ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Nauyi 74.3, GAD-7 tana 6. Bakin ya daina bushewa, lemon kwalba ya koma ɗaya a rana ba tare da an matsa mata ba. Tashin dare don cin abinci ya ragu daga kullum zuwa sau biyu ko uku a mako. Tana barcin awa shida.

Yau paroxetine ya sauka daga 30 zuwa 20. Wannan mataki shi ne mai sauƙi, kuma dole a fahimci dalili tun yanzu. A miligiram 20 maganin ya riga ya kama kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren da yake aiki a ƙwaƙwalwa, don haka abin da ke tsakanin 30 da 20 kaɗan ne. Abin da ke tsakanin 10 da sifili shi ne babba, duk da cewa a lissafi miligiram 10 ne dukansu biyu.

Azumi saura kwana goma sha biyu ko sha uku. Mun yanke shawarar a tsaya a kan 20 har bayan Sallah. Jirin azumi da ciwon kai na rashin shayi suna kama da jirin janye magani, idan suka haɗu ba mai iya raba su.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar. Ta mayar da ƙwayar safe zuwa lokacin sahur, bayan ta ci abinci. Saukowa zuwa 20 ta kawo ɗan jiri na kwana uku kacal.

Nas ta zauna da ita a kan abincin buɗa baki, don a nan aikin wata guda ke rushewa. Dabino uku da ruwa, a yi sallah, sannan a ci. Ƙosai uku maimakon takwas, kunu kofi ɗaya da suga cokalin shayi ɗaya, zoɓo ba suga ko da kaɗan. Tuwo malmala ɗaya, miyar ganye ta fi tuwon yawa. Da sahur wake ko ƙwai ko alala, don sun fi taliya riƙe ciki.

Litinin, 7 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris. Nauyi 74.6, GAD-7 tana 6. Azumin bai rage wani abin kirki ba, kwanakin Sallah kuma sun mayar da ɗan abin da ya sauka. Abin lura shi ne wata uku ke nan nauyin bai hau ba, bayan ya shafe sama da shekara yana hawa kusan kowane wata.

Yau aka fara musayar. Paroxetine ya koma 10, rabin ƙwaya. Sertraline ya shigo da 25, shi ma rabin ƙwayar 50, bayan karin kumallo don ya rage tashin zuciya. Ana fara wa mai fargaba da 25 ne saboda kwanakin farko maganin kan ƙara faɗuwar gaba kafin ya kwantar da ita.

Tunda magunguna biyu masu ɗaga serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa da yawansa ke da haɗari, za su haɗu a jikinta, mai harhaɗa magunguna ya rubuta mata da Hausa abin da ba za ta sha ba. Na farko tramadol, wanda haɗa shi da waɗannan kan jawo karkarwa, zazzaɓi, ruɗewa, har da farfaɗiya. Sai maganin tari mai ɗauke da dextromethorphan. Sai diclofenac, ibuprofen da asfirin, domin sertraline yana rage saurin daskarewar jini, su kuma suna cin bangon ciki. Idan ciwon kai ya zo, paracetamol. Idan ta ji gumi mai yawa tare da rawar jiki, tsoka tana fizga, zuciya tana gudu, kada a jira gari ya waye, a kawo ta asibiti. An gaya wa maigidanta haka a gabanta, da yardarta. An kuma tambaye ta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zuwa mata, ta ce a'a. Za mu riƙa maimaita tambayar a kowane zuwa har musayar ta ƙare.

Litinin, 14 ga Afrilu

Zawo sau biyu a rana na kwana huɗu, ya tsaya da kansa. Sertraline ya hau 50, paroxetine yana 10. Idan mako ya wuce lafiya, ranar 21 za a tsayar da paroxetine.

Juma'a, 25 ga Afrilu

An samu matsala, kuma daga lissafinmu ta fito. Ranar Litinin aka tsayar da paroxetine daga 10 kai tsaye, da tunanin sertraline 50 zai rufe gurbin. Ga mutane da yawa yakan rufe. Ita bai rufe mata ba.

Ranar Laraba da yamma jiri ya fara. Alhamis ta wayi gari da ciwon jiki, sanyi-sanyi, tashin zuciya, munanan mafarkai, da kuka ba dalili. Ta kwatanta wani abu da ya tsorata ta ƙwarai: "Likita, idan na juya idona gefe sai in ji kamar wutar lantarki ta ja ni a cikin kai, zut, sai ta wuce." A gida aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Aka je kemis, aka sayo maganin zazzaɓi da diclofenac ba tare da gwaji ba, ta sha sau ɗaya kafin maigidanta ya tuna da takardar da aka ba su, ya kira.

Zafin jikinta 36.8, bugun zuciya 84, babu fizgar tsoka, don haka ba yawan serotonin ba ne. Gwajin zazzaɓi na ɗigon jini bai nuna komai ba, kuma shan magani sau ɗaya ba ya goge sakamakon wannan gwaji. An tsayar da maganin zazzaɓin da diclofenac.

Abin da ya rage shi ne a bambance janye magani da dawowar ciwo, domin a nan ake yawan kuskure har a ce wa mutum ba zai taɓa rabuwa da maganin ba. Alamun janyewa suna zuwa cikin kwana biyu zuwa huɗu da rage magani, suna zuwa da abubuwan da mutum bai taɓa ji ba a ciwonsa na asali, irin jiri da wannan jan lantarki, kuma suna lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka mayar da maganin. Dawowar ciwo tana ɗaukar makonni, tana shigowa a hankali, da fuskar da aka sani: zullumin nan dai, tunanin nan dai. Paroxetine ya fi danginsa wahalar bari saboda rabinsa yana fita daga jini cikin kusan kwana ɗaya, kuma idan adadinsa ya yi ƙasa hanta tana ƙara saurin narka shi.

An mayar da ita kan 10 yau. Sabon tsari: mako ɗaya a 10, sannan 5, sannan 2.5, waɗannan biyun kowanne aƙalla mako biyu. Ta tambaya ko za ta iya shan rabin ƙwaya yau ta tsallake gobe. Ba a yin haka da paroxetine, don jiki zai riƙa shiga janyewa yana fita duk bayan kwana biyu.

Juma'a, 2 ga Mayu

Jan lantarkin ya ɗauke tun ranar Asabar da dare, wanda ya tabbatar da cewa janyewa ce. Yau ta sauka zuwa 5.

Yanka ƙwaya ya zama aiki. Akwai paroxetine na ruwa, miligiram 10 a cikin mililita 5, wanda da shi ne ya fi sauƙin auno ƙananan adadi, amma ba mu same shi ba. Mun samo ƙwayar miligiram 10: rabinta 5, kwatarta 2.5. Mai harhaɗa magunguna ne ke yankawa da abin yankan ƙwaya, na mako guda kawai, ya zuba a kwalba mai murfi, don wuƙa ko reza suna farfasa ta, gutsuren kuma ba ya zama daidai. Nau'in da aka rubuta CR a kwalinsa ba a yanka shi sam, an yi shi ne ya narke a hankali.

Juma'a, 16 ga Mayu

Nauyi 73.4, ƙugu 92. Yunwar dare ta tafi gaba ɗaya.

GAD-7 ta hau zuwa 10. Wannan karon ba jiri, ba jan lantarki. Zullumi ne kan kuɗin makarantar yara da lafiyar mahaifiyarta, ya riƙa ƙaruwa a hankali cikin mako uku, wuya da kafaɗu sun fara ɗaurewa. Fuskar tsohon ciwon ce. Ba abin mamaki ba ne, domin miligiram 30 na paroxetine ne ya kwantar mata da hankali, sertraline 50 kuwa ya fi kusa da 20. Ta yi kusan mako biyar a kan 50, lokaci ya isa a yi masa hukunci. An ƙara zuwa 75, ƙwaya ɗaya da rabi. Paroxetine zai tsaya a 5 na ƙarin mako guda, kada a girgiza ta ta fuska biyu.

An haɗa ta da masanin halayyar ɗan'adam don zaman magana na mako-mako, inda za ta koyi kama tunanin fargaba tun yana ƙarami da numfashi mai tsawo. Da mun fara wannan tun Janairu da ya fi.

Ta fara tafiyar minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ita da maƙwabciyarta, kafin rana ta yi zafi. Sertraline yana ƙara mata gumi, an ce ta riƙa ɗaukar ruwa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ƙarin sertraline ya kawo tashin zuciya na kwana uku. Paroxetine ya sauka zuwa 2.5. Mako biyu zai cika ranar 6 ga Yuni, kuma ana sa ran Babbar Sallah a wannan tsakanin, don haka an ɗaga tsayarwar zuwa Litinin 9 ga wata, don ta samu zuwa asibiti idan wani abu ya taso.

Litinin, 23 ga Yuni

Mako biyu ke nan ba paroxetine. Kwana na uku da na huɗu ta ji ɗan jiri idan ta miƙe da sauri, jan lantarki sau biyu ko uku, bai hana ta aiki ba, kuma ta san ko mene ne. Ba a mayar da komai ba.

Nauyi 72.2, ƙugu 90, duk da naman layya. GAD-7 tana 6. Suga kafin karin kumallo 5.5. Daga Janairu kilo 2.3 ya sauka, daga cikin 11.5 da suka hau. Ta so ya fi haka, mun kuma gaya mata gaskiya: sauya magani ya cire yunwar da ke tura ta kicin cikin dare, amma kitsen da ya taru sai abinci da tafiya ne za su sauke shi, kusan kilo ɗaya a wata, kuma mai yiwuwa ba za ta koma 63 cif ba. Burin da muka sa shi ne kashi 5 cikin 100 na nauyin Janairu, wato ta kai kusan kilo 70.8 kafin ƙarshen Satumba. Mun tattauna batun metformin, maganin suga, muka ajiye shi, tunda sugan ya sauko.

Nas ta tambaye ta a keɓe game da sha'awar aure, don dangin waɗannan magunguna sukan rage ta, mata kuma ba sa fara ɗauko zancen da kansu. Ta ce ya fi lokacin paroxetine, amma bai koma yadda yake da ba. An rubuta, za a sake tambaya.

Sertraline zai tsaya a 75. Ba za a yi maganar rage shi ba sai ta yi aƙalla shekara ɗaya hankalinta a kwance, kuma idan ta samu ciki kada ta daina da kanta, ta zo a duba. Damina ta sauka, don haka duk zazzaɓin da ya zo a yi gwaji kafin a sha magani, ta kuma nuna takardar magungunanta a duk inda za a ba ta wani. Awo na gaba Litinin 7 ga Yuli, gwajin suga da kitsen jini a Satumba.